Ƙasa Ce Ke Ciyarwa, Ko Mai Ƙasar?

A jikin katangar gabas ta gidan da nake haya a Kano akwai jeren jarkoki da bokitan fenti da na sayo a hannun 'yan jari-bola. Tsakar gidan siminti ne tun daga zaure har madafa, babu inda za ka tona rami. A cikin waɗannan tarkace latas da alayyahu da na'a-na'a suke fita shar, saiwarsu a cikin ruwa, ba su taɓa haɗuwa da ƙasa ba. Da kawuna, wanda ya tsufa a noman fadama, ya zo ya gani, sai ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce: "Yaro, daga ƙasa aka yi mu, ita ke ciyar da mu, cikinta za mu koma. Wannan abin naka ba shisshigi ba ne?" Na ce, "Kawu, a ba ni lokaci." Tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye.

Aikin kansa ba wani sihiri a cikinsa. A wanke jarka tas, a tabbata ba ta taɓa ɗaukar maganin feshi ko baƙin mai ba. A huda murfin bokiti ko gefen jarka, a zura ƙaramin kofin roba mai huji-huji, a cika shi da ɓuntun shinkafa da gutsattsarin gawayi don su riƙe dashen. A narka taki a ruwa daidai gwargwado, a auna tsaminsa ya tsaya tsakanin 5.5 da 6.5. A rufe jikin mazubin kada haske ya shiga, in ba haka ba gansakuka ta cinye abincin, sauro kuma ya sami masauki. Hanyar da nake bi ana danganta ta da Bernard Kratky na Jami'ar Hawaii, ba ta buƙatar famfo ko wutar lantarki. Yayin da shuka ke sha, ruwan na ja baya, sai saiwar sama ta zauna a fili tana shaƙar iska, ta ƙasa tana tsotsar abinci. Wanda tausayi ya sa ya cika bokitin maƙil, ya nutsar da shukarsa da hannunsa.

To ina shisshigin yake? Abin da kawu ke tsoro shi ne ɗan Adam ya cire abin da Allah ya ajiye a tsakani, ya dubi aikin hannunsa ya ce shi ya yi. Tsoron yana da tushe. Amma akwai wani haɗarin a ɗaya ɓangaren: mu saba da ƙasa har mu ɗauka ita ce mai bayarwa.

Malaman tauhidi sun daɗe da tsefe wannan magana. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga: ganin ƙuna a duk sa'ad da suka haɗu bai tabbatar da cewa wuta ce da kanta ke ƙonawa ba, al'ada ce Allah ya gudanar. Ibn Rushdi na Andalus ya mayar masa da martani cewa wanda ya soke sababi ya soke ilimi gaba ɗaya. Duk almajirin da ya zauna gaban malami a zaure ya karanta Ummul Barahina ta Shehu Sanusi ya ji ƙamshin wannan muhawara. Abin da ya ba ni mamaki shi ne bokitin fenti ya ba kowannensu gaskiyarsa. Latas ya fito ba ƙasa, ke nan ƙasa ba dole ba ce, kamar yadda Gazali zai ce. Amma hana shi sinadarin ƙarfe, ka ga sababbin ganye sun yi rawaya cikin kwanaki. Ibn Rushdi ma bai yi ƙarya ba: akwai ƙa'ida, kuma saninta wajibi ne ga mai son girbi.

Masana kimiyya ma ba dare ɗaya suka gane abin da shuka ke ci ba. Jan van Helmont ya dasa bishiya a tukunya ya yi shekara biyar yana ba ta ruwa zalla. Sakamakon da aka buga a 1648 ya nuna bishiyar ta ƙaru da kusan kilo 74, ƙasar kuwa abin da ta rage bai cika giram 60 ba. Sai ya yanke cewa ruwa ne ya zama itace. Daga baya aka gano babban kason busasshen jikin shuka daga iska yake zuwa, ganye ke kamo shi da hasken rana. Wajen 1860 Sachs da Knop a Jamus suka raya shuka a ruwan sinadarai kaɗai, a 1929 kuma William Gericke na Jami'ar Kalifoniya ya fara yayata cewa za a iya noman abinci haka. Kowane mataki ya ɗaga labule ɗaya, aka tarar da wani a bayansa.

Ko takin da nake narkawa, in ka bi sawunsa, ƙasa za ka koma. Fosfet daga dutse ake haƙo shi, Maroko ce ta fi kowa tarinsa. Fotash daga ramukan ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, irin na Kanada. Naitirojin kuwa daga iska ake kamo shi. Ban ƙirƙiri ko ƙwaya ɗaya ba, tattarawa na yi. Ran da ke cikin ƙwayar iri, wanda ke sa ta tsage ta tura saiwa ƙasa, ganye sama, babu kantin da ke sayar da shi.

Saboda haka amsata ga kawu ita ce: girman kai ba a jarka yake ba, ba kuma a fadama yake ba, a zuciyar manomi yake. Mai gona yana iya jingina arzikinsa ga kyawun ƙasar gadonsa ya manta Mai Azurtawa, mai bokiti ma yana iya jingina shi ga dabararsa. Bambancin kawai, ƙasa tana rufa wa mai ita asiri: ta riƙe danshi, ta daidaita tsami, ta yafe sakaci. Bokiti ba ya yafiya. Yinin bazara ɗaya ruwan ya ɗau zafi, saiwa ta fara ruɓewa. Wanda ya ɗauki aikin da ƙasa ke yi kyauta ya ɗora wa kansa, shi zai fi kowa sanin yawan ni'imar da yake takawa bai gode ba. Neman sababi umarni ne, ko da a bola aka tsinto shi. Dogaro da shi ne aka hana.