Bashin da ke Kan Mai Sassaƙa Banjo

A yankin tsaunukan Afalashiya na Amurka, har yau akwai masu ware wani lungu a gidansu su mayar da shi wurin sassaƙa. Mutum zai turara siririn katako har ya yi laushi, ya lanƙwasa shi ya zama zobe, ya jiƙa fatar akuya ya ɗame ta a kai, ya sassaƙa mariƙi, ya ɗaura tsirkiya biyar. Bayan makonni sai ga banjo. In ya ce tasa ce, wa zai musa masa? Guminsa ne.

Sai dai shin gumi kaɗai yana sa abu ya zama naka ɗungurungum?

Bayin da aka kwaso daga Afirka ne suka fara haɗa banjo a tsibiran Karibiyan, da ƙwarya da fata da sanda, tamkar gurmi ko garaya. Likitan nan Hans Sloane, wanda ya je Jamaika a 1687, ya saka zanenta a littafinsa na 1707. Zuwa shekarun 1840, fararen fata masu shafa baƙi a fuska don yi wa baƙaƙe ba'a suka hau dandamali da ita. An daɗe ana cewa ɗayansu, Joel Sweeney, shi ya ƙirƙiro gajeriyar tsirkiyar da ake kaɗawa da babban yatsa, alhali wani zanen bayi daga Karolina ta Kudu, na ƙarshen ƙarni na 18, ya riga ya nuna ta. An karɓe kiɗan, an shafe sunan masu shi.

Ban ce masassaƙin yau ya ajiye gizagonsa ba. Sana'a ba ta tambayar launin fata, kuma wanda ya sha wahalar ɗame fata har ta yi amo ya fi mai saye a kanti kusanci da waɗancan bayi. To, wannan kusancin shi ne ya ɗora masa nauyi, domin ya san ba a samun irin wannan dabara sai da hankali da haƙuri, abubuwan da aka ce bawa ba shi da su.

Bayin sun riga mu gidan gaskiya, ba kuɗin da zai kai gare su. Abin da ya rage shi ne faɗin gaskiya. Ranar da ɗansa ya taɓa gajeriyar tsirkiyar ya tambayi wanda ya fara ɗaura ta, kada ya ce Sweeney.