Jari Ba Abin Ci Ba Ne: Kalma ga 'Yan Kasuwarmu na Sabon Gari da Fagge



Yawancin waɗanda suke cika kujerun majami'unmu ran Lahadi, in gari ya waye Litinin a kasuwa za a same su: wasu a Kasuwar Sabon Gari, wasu a Kantin Kwari da ke Fagge, wasu da ɗan teburi a bakin titi. Saboda haka idan muna maganar tuba a wannan lokaci na azumin kwana arba'in, ba mu da hujjar barin shago a waje. Ran Larabar Toka mutum yakan karɓi toka a goshi, ya ɗauki alkawarin gyara hanyarsa, amma kafin Ista alkawarin ya bi ruwa. Kyakkyawar niyya ba ta yi mana ƙaranci ba. Abin da muka rasa shi ne horon kai, wato yin ƙaramin abu mai kyau yau, da gobe, da jibi, ko ana gani ko ba a gani.

Wannan gari yana da misali wanda kowa ya sani. Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goro zuwa Gwanja ya soma. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano ya shiga sayen gyaɗa, kuma a 1929, da bankin Turawa ya buɗe reshe a nan, kuɗin azurfa kayan raƙuma ashirin ya kai ajiya. Mutane suna son labarin raƙuman, amma ba su cika tambayar yadda aka tara kayan ba. An san shi da tsimi da sauƙin rayuwa, ba ya cin jari don a gan shi. Musulmi ne, ba ɗan Ikilisiyarmu ba, amma Allah yakan koya mana ta wurin maƙwabci, kuma gidansa yana kasuwanci har yau.

To, mu fa? Da yawa a cikinmu aljihu ɗaya muke da shi, ciniki da jari da kuɗin cefane duk a ciki. Biki ya taso a taɓa, an yi rasuwa a gida a taɓa, har ranar da dila zai zo karɓar kuɗinsa a tarar shago cike da kwali babu kaya. Sa'an nan a ce maƙiya ne suka yi asiri, a zo neman addu'a ta musamman. Addu'a kam za mu yi, amma ruwa mai tsarki ba ya maye gurbin littafin lissafi. A misalin talanti da ke cikin Bisharar Matiyu, sura 25, maigidan da ya dawo daga tafiya lissafi ya nema daga bayinsa, kuma abin da ya yaba shi ne riƙon amana a kan ƙaramin abu. Ɗan kasuwa Kirista ya yanka wa kansa albashi, ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita kowace yamma, ya bar jari ya yi aikinsa.

Haka kuma batun awo. Tun kimanin shekara 750 kafin haihuwar Kristi, Annabi Amos ya tsauta wa 'yan kasuwar da suke ƙosawa Asabar ta wuce don su koma rage mudu da sayar da dusa a matsayin hatsi. Mudun da aka bubbuge gindinsa, da yadin da bai cika ba, da jabun kaya cikin kwalin na gaske, duk sukan kawo riba ta mako guda, su kashe suna na shekara ashirin.

Darajar sunan nan ta bayyana ran 26 ga Maris, 2016, Asabar ɗin da ke gaban Ista, lokacin da gobara ta cinye dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari. Wuta ba ta zaɓi mai gaskiya ta bar shi ba, kowa ya yi asara. Amma bayan toka ta huce, wanda aka sani da biyan bashi a kan lokaci yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa a ba shi kaya, ya biya in ya sayar. Wanda ya saba ɓuya in ya hango mai binsa, wa zai sāke yarda da shi?

Akwai wani abu da ya fi waɗannan nauyi. Al'ada ce mai kyau a Sabon Gari, musamman a wurin 'yan'uwanmu Ibo, a ɗauko yaro ya yi wa maigida hidima shekaru, sa'an nan a sallame shi da jari ya kafa nasa. Da wannan al'ada gidaje da yawa suka tashi. Amma akwai iyayen gida waɗanda, in lokacin sallama ya ƙarato, sai su laƙa wa yaron sata su kore shi hannu wofi, ran Lahadi kuma su zo karɓar Jikin Kristi. A 1891 Paparoma Leo na 13 ya tuna wa masu ɗaukar ma'aikata cewa danne haƙƙin ma'aikaci laifi ne da kukansa yake kaiwa sama. Shekarun ƙuruciyar yaron nan ba za su dawo ba. Duk wanda yake da yaro a shago, kafin Mako Mai Tsarki ya kira iyayensa ko waliyyinsa, a rubuta shekarar sallama da abin da za a ba shi, a sa hannu a gaban shaidu biyu. In ana bukatar shaida daga Ikilisiya, a zo ofishin Fada bayan Misar safe.