Soja ya yi saki, an yi masa canjin aiki: ina yaran za su kwana?

Makonni uku ke nan da aka kawo wata magana zauren masallacin nan bayan sallar isha'i, kuma har yau ba ta bar raina ba. Ba zan kama suna ba, waɗanda suka sani sun sani.

Wani kofur ne na soja da ke ɗaya daga cikin barikokin Ibadan, yana auren 'yar wani ɗan'uwanmu mai sayar da goro a nan Sabo. Allah ya ba su 'ya'ya biyu, namiji mai shekara 9 da mace mai shekara 6. Zama ya ƙi daɗi, ya sake ta, ta gama idda ta kwashe kayanta ta dawo gidan ubanta, don ɗakin bariki na mai kaki ne. Ana cikin haka sai takarda ta fito an mayar da shi Maiduguri. Shi ne ya zo ya ce a ba shi 'ya'yansa, zai ajiye su wurin mahaifiyarsa a wani ƙauye a jihar Katsina kafin ya wuce. Uwar ta ce sai dai a bi ta kan gawarta.

Da yawa daga cikin dattawan da ke zaune sun gyaɗa wa kofur kai. Ɗa ai na uba ne, haka muka taso muka gani. To amma abin da muka taso muka gani daban, abin da ke cikin littattafan da malamanmu ke karantarwa a wannan zauren daban. A mazhabar Malikiyya uwa ce ta fi cancanta da reno bayan rabuwa, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. In uwar ta auri wani bare, renon ya koma hannun kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, kafin a zo kan dangin uba. Ci da sha da sutura da kuɗin makaranta kuwa suna wuyan uba ko ina yaran suke. A cikin Muwaɗɗa akwai labarin Sayyidina Umar da ya tarar da ɗansa Asim yana wasa a Ƙuba bayan ya rabu da uwarsa, ya ɗauke shi ya ɗora kan abin hawansa. Kakar yaron ta biyo shi, suka je gaban Sayyidina Abubakar, ya yanke hukunci a bar mata shi. Umar fa, da duk kwarjininsa, bai ƙara cewa uffan ba.

Sai dai kofur bai zo hannu rabbana ba, wani ya karanta masa. Ya ce ai malamai sun ce in waliyyin yaro zai yi tafiya mai nisan baridi shida, wato kimanin mil 72, yana da ikon tafiya da ɗansa. Gaskiya ne, yana nan a Muhtasar. Amma da sharaɗi: tafiyar ta zama ta ƙaura, wadda mutum zai je ya zauna, kuma hanya da wurin da za a je su kasance da aminci. Tafiyar fatauci ba ta ciki. Ku 'yan kasuwa kun fi kowa gane wannan. Wanda ya bi motar goro zuwa Kano ya yi wata biyu, ba wanda zai ce ya ƙaura.

To canjin aikin soja wace iri ce? A ganina ba ƙaura ba ce. Bai zaɓi garin ba, bai san ranar da za a sake tayar da shi ba, yau Maiduguri, baɗi ƙila Inugu ko Fatakwal. Kuma dalilin da ya sa aka ba uba wannan dama shi ne idonsa ya kasance a kan tarbiyyar ɗansa. Mutumin da zai ajiye yara a Katsina shi ya wuce fagen daga a Borno, idon wa ke kansu? Ya raba su da uwa, shi ma bai same su ba. Tsohuwa aka ɗora wa, ita da take neman mai ɗebo mata ruwa.

Ban ce kofur mugu ba ne. Na kalli fuskarsa a daren nan, tsoro na gani. Mutum ne da zai tafi inda ake tafiya wani lokaci ba a dawo ba, yana so ya san jininsa na cikin danginsa. Yana kuma tsoron yaran su tashi a Kurmi, bakinsu ya juye, su manta hanyar garinsu. Wanene a cikinmu bai taɓa kwana da wannan tunanin ba? Ita ma uwar a gaya mata gaskiya: wannan hukuncin na tafiya yana hawa kanta in ita ce ta kwashe su ta yi nisa, kuma hana uba ganin 'ya'yansa ko jin muryarsu a waya zalunci ne.

Abin da ya fi damuna shi ne ramin da ke tsakanin jihohi. Katsina na da kotunan shari'ar Musulunci, jihar Oyo ba ta da su. Abin da muke da shi a nan kwamitin sulhu ne da zauren Sarkin Hausawa, kuma hukuncinsu yana cin wanda ya yarda ne kawai. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ce maslahar yaro ce gaba da komai, amma sai kowace jiha ta karɓe ta da kanta, kuma sai an sami mai kai ƙara. In kofur ya sa yaran a mota da asuba, kafin uwar ta tara kuɗin mota da na lauya ta bi su Arewa an yi shekara. A nan ba mai gaskiya ke cin shari'a ba, wanda yaran ke hannunsa ne. Ga kaki kuma, wanda ko a tasha ba mai son ja da shi.

Shawarar da na bayar a zauren ita ce yaran su zauna inda makarantarsu da Islamiyyarsu suke, wurin uwarsu. A rubuta takarda gaban liman da shaidu biyu daga kowane ɓangare: nawa zai riƙa turowa duk wata daga albashinsa, wace rana zai riƙa kira, sannan dogon hutu a kai su Katsina su san kakarsu, a kuma rubuta ranar dawowa da sunan wanda zai rako su. In uwar ta yi aure, a dawo zaure a sake zama, kada wani ya yanke shi kaɗai.

Surukin ya yarda nan take. Kofur ya ce a ba shi lokaci ya yi magana da mahaifiyarsa, an sa ranar Lahadi mai zuwa bayan la'asar. Motarsu kuma ranar Talata za ta tashi.