Maciji Mai Sanyin Hali: Ya Dace a Ajiye Shi a Gida?

Tambaya ce da ba mu saba ji ba a nan Savelugu, amma samarinmu sun fara kawo ta, tun da wayar hannu ta cika da hotunan mutanen Turai da Amurka rataye da macizai a wuya. Suna cewa, wane maciji ne mai zama bisa itace, mai sanyin hali, wanda mutum zai iya ajiyewa a ɗaki kamar aku ko tantabara? Waɗansu iyaye da sun ji haka sai su ce aikin Shaiɗan ne, su rufe magana. Ni kuwa ban ga ya kamata a rufe ta da sauri haka ba. Maciji halittar Allah ne kamar tunkiya, masu rarrafe kuma suna cikin abubuwan da Mahalicci ya duba ya ga suna da kyau. Wanda ya ruɗi Hawwa'u ba shi ne ke kwance a kan mangwaron bayan gidanka ba.

Bari mu fara da wannan magana ta sanyin hali. A dajinmu na kaɗanya da ɗorawa akwai wani maciji siriri mai manyan idanu, namijin yakan zama kore, macen kuwa ruwan ƙasa. Mutanen Afirka ta Kudu suna kiransa bumsilan, wato macijin itace. Da wuya ka sami maciji mai kunya kamarsa; in ya ji motsinka sai ya sulale cikin ganye. A watan Satumba na 1957 aka kai wani ɗan ƙaraminsa wurin Karl Schmidt, babban masanin macizai a birnin Shikago ta Amurka, domin ya faɗi irinsa. Yana riƙe da shi sai ya sare shi a babban yatsa. Malamin ya ɗauka ƙaramin maciji irin wannan ba zai kashe mutum ba, ya tafi gida yana rubuta abin da yake ji a jikinsa. Kashegari ya rasu, gama dafin yana hana jini daskarewa, mutum ya yi ta zubar da jini ta ciki. To, ɗan'uwa mai karatu, in wanda ya ƙare rayuwarsa cikin wannan ilimi ya ruɗu, ina ga yaron da ya kamo koren maciji a reshe don ya ga bai yi faɗa ba?

Wani zai ce, ai akwai marasa dafi. Gaskiya ne. Akwai koriyar mesa mai zaman itace da ake kawowa daga Niyu Gini da Indunisiya, akwai kuma ƙaramar mesa ta ƙasarmu, wadda ake fitarwa dubbai kowace shekara daga Gana da Togo da Benin zuwa kasuwannin Turai da Amurka. Masu saye suna ƙaunarta domin in an taɓa ta ba ta sara, sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta ɓoye kanta a tsakiya. Amma ku duba da kyau. Abin da mai saye ke kira ladabi, ashe tsoro ne. Mu ma mun san wannan a cikin mutane: akwai bara mai shiru, akwai matar aure mai shiru, maigida kuwa yana ta yabon haƙurinsu, bai taɓa tambayar abin da ya sa su shiru ba.

A nan ne nake ganin ainihin maganar take. Littafin Farawa ya nuna an ba mutum mulki bisa dabbobi, amma ya kuma nuna an sa shi a gona domin ya yi aikinta ya kiyaye ta, Karin Magana kuwa ta lasafta kula da ran dabba cikin halin mai adalci. Kare yana tsaron gida, yana samun tuwo da inuwa, yana kaɗa wutsiya in ka dawo. Jaki da zabo ma suna da rabonsu a wurinmu. Maciji fa, me yake samu? Akwatin gilashi a maimakon itace, da ɓera a ƙarshen mako. Ba ya neman abokin hira, ba ya marmarin hannunka. Koriyar mesar nan tana bukatar laima irin ta kurmi, iskar hunturunmu kuwa ko leɓen mutum tsaga shi take yi. Ƙaramar mesa kuma takan kai shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kiwo. Saurayin da ya saye ta yau zai yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya tafi neman aiki Kumasi, tana nan. A jihar Fulorida mesar Bama da masu kiwo suka saki ko ta kuɓuce ta cika fadama tana cinye namun daji, har gwamnatin Amurka ta hana shigo da ita a 2012.

Ba sabon abu ba ne mutum ya zauna kusa da abin tsoro. A Wida ta Benin akwai ɗakin mesa daura da babbar majami'ar Katolika, a Paga kuma kada na fitowa bakin tafki a taɓa shi. Ba na bin imanin da ke bayan waɗannan, amma na lura da abu guda: kadan Paga yana cikin ruwansa, in ya gaji da mutane sai ya nutse.

Sai kuma maƙwabci. Mu ba mazauna gida ɗaya mutum ɗaya ba ne. A zangon Yendi ko na Bawku ko Salaga, tsakar gida ɗaya ce, randa ɗaya, yara suna barci a tabarma. Akwai gidajen da kububuwa ta ɗauke musu mai noma a tsakiyar damina, maganin dafi kuma ba kullum ake samunsa kusa ba; a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi sakaci da su. Tsohuwar da ta binne ɗanta ta wannan hanya ba za ta tsaya tambayar ko na cikin akwatinka mai dafi ne ba. Ba za ta yi barci ba, ke nan. Manzo Bulus ya yarda ya bar cin nama in cinsa zai sa ɗan'uwansa tuntuɓe, alhali nama abinci ne. Maciji a akwati kuwa ko abinci ba shi ne ba.

Saboda haka in saurayi ya tambaye ni wanne zai zaɓa, ba na ce masa ya yi zunubi. Nakan tambaye shi mutum nawa ke kwana a gidansu, wa kuma zai ciyar da abin ranar da ya tafi Kumasi.