Tun Ran Gini, Tun Ran Zane

Ɗana, idan aka ɗora maka aikin kwashe sunayen ma'aikata da izininsu daga tsohuwar manhaja zuwa sabuwa, ka sani makullan ofis gaba ɗaya aka damƙa maka. Da fayil ɗin CSV guda, ko haɗi da Active Directory, za ka shigar da mutum dubu cikin 'yan mintuna, kuma kuskuren da ke jerin tare da su zai shige.

Saboda haka kada ka ɗora jerin yadda ka tarar da shi. Kai shi sashen kula da ma'aikata a tantance wanda ya yi ritaya, wanda ya rasu, da wanda aka sauya wa wurin aiki. Ga misalin haɗarin barin tsohon asusu: a watan Mayun 2021 masu kutse sun shiga kamfanin Colonial Pipeline na Amurka ta wani tsohon asusun VPN da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba. Bututun man da gabashin ƙasar ya dogara da shi ya tsaya na kwanaki, kamfanin ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4.

Izini kuwa, rukuni ake ba wa, sannan a saka mutum a ciki. Amma kada sunan rukuni ya ruɗe ka. "Manajoji" a tsohuwar manhaja wataƙila duba bayanai kawai suke yi, a sabuwa kuma har gogewa suna iya yi. Lura da rukunin da ke cikin wani rukuni, domin yakan gaji duk ikon na samansa. Tun 1975 masana biyu, Saltzer da Schroeder, suka rubuta ƙa'idar: a bai wa kowa gwargwadon abin da aikinsa ke buƙata kawai. Mai shigar da suna a jerin albashi kada ya zama shi ne mai amincewa a biya. In mutum ɗaya ke yin duka biyun, ta wannan kafar ma'aikatan bogi ke samun shiga.

Kafin ka danna komai, ajiye kwafin tsohon tsarin. Gwada da sashe ɗaya, ka shiga da asusun gwaji mai matsayin ƙaramin ma'aikaci ka ga abin da yake iya buɗewa. In oga ya ce a buɗe masa ko'ina, ka ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni a rubuce." Ranar bincike, sunanka za a fara gani a rajistar manhajar.

Yi a hankali, ɗana, ka riƙe amana. Allah ya yi maka albarka.