Fuskar wa ce a cikin hoton biki?

A Bamako ta shekarun 1960, matasa ba sa ganin casunsu ya cika sai Malick Sidibé ya iso da kyamararsa. Mali ta samu 'yancin kai a 1960, samari da 'yan mata suka kakkafa ƙungiyoyin nishaɗi, da dare a yi rawa, ranar Lahadi a fita shaƙatawa bakin Kogin Neja. Sidibé kan zaga taro da dama a dare guda, ya koma shagonsa a unguwar Bagadadji ya wanke hotunan, ya jera su a kan kwali, sannan waɗanda aka ɗauka su zo su duba, kowa ya zaɓi wanda zai saya. Wannan aikin ne ya kai shi ga lambar yabo ta Hasselblad a 2003, da Zakin Zinare na baje kolin fasaha na Venice a 2007, kafin rasuwarsa a 2016.

Mai duban hotunan nan yakan lura da abu guda: babu fuskar da ke nuna an sato ta. Mutanen sun san shi, su suka gayyace shi, su ne kuma na farko da ke ganin abin da ya ɗauka. Duk da haka, a 1995 aka rataye hotunan a gidan baje kolin Fondation Cartier da ke Paris, baƙin da ba su taɓa taka Bamako ba suka riƙa kallon 'yan matan da suka yi rawa shekara talatin da suka shuɗe, waɗanda a lokacin sun manyanta a gidajensu.

Tafiyar da hotunan Sidibé suka yi cikin shekara talatin, hoton yau yakan yi ta kafin a gama raba goro. A ɗaurin aure a ƙofar gida a Kano, ko walima ƙarƙashin rumfa a Damagaram, ko suna a zangon Kumasi, kusan kowane hannu yana riƙe da waya. Mai hoton da aka ɗauko haya ɗaya ne, masu ɗauka kuwa ba su ƙirguwa. Shi ya sa maganar yadda za a ɗauki hoton mutane ya yi kyau ta wuce sanin na'ura kawai, ta shiga batun haƙƙi.

Malamai sun daɗe suna tattauna hoto, amma ta wata ƙofa daban. Hadisai ingantattu sun yi gargaɗi mai tsanani a kan surantar da abu mai rai, don haka da kyamara ta shigo ƙasashen Musulmi sai aka tambaya ko ita ma ta faɗa cikin hanin. Shehu Muhammad Bakhit al-Muti'i, wanda ya yi Muftin Masar ya kuma rasu a 1935, ya rubuta risala yana halatta ta. Hujjarsa ita ce mai kyamara ba ya ƙago sura da hannunsa, tsare inuwar abin da Allah Ya riga Ya halitta kawai yake yi, kamar yadda madubi ke nuna fuska. Shehu Yusuf al-Ƙaradawi ya bi wannan fahimta a littafinsa na halal da haram na 1960. Shehu Ibn Baz da Shehu Albani kuwa sun hana, sai dai in lalura ta kama, irin hoton fasfo da katin shaida. Shehu Ibn Usaimin ya ga cewa hoton da na'ura ke fitarwa nan take ba shi ne surantawar da aka hana ba, amma ya rataya hukuncinsa a kan manufar mai ɗauka.

Wanda ya gamsu da hanin, nasa ya ƙare a nan, kuma haƙƙinsa ne a kauce masa da kyamara in ya zo biki. Wanda ya bi masu halattawa kuwa, yanzu aikinsa ya fara, domin babu ɗaya daga cikinsu da ya ce halaccin na'urar ya halatta kowace fuska a kowane hali.

Suratun Nur ta umarci muminai kada su shiga gidan da ba nasu ba sai sun nemi izini sun yi sallama. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Sahl ɗan Sa'ad labarin mutumin da ya leƙa ta wata kafa cikin ɗakin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, inda Manzon ya nuna fushinsa ya kuma bayyana cewa saboda ido ne aka sanya neman izini. Abin da ake karewa ke nan shi ne kallo, ƙofa hanya ce kawai. To, a filin biki babu ƙofa, babu zaure, babu labule. Wayar zamani tana iya jawo fuskar mace daga can ƙarshen rumfa ba tare da mai riƙe da ita ya ɗaga ƙafa ba.

Wani zai ce ai biki taron jama'a ne. Shari'a ma ta so a bayyana aure, ta kuma kwaɗaitar da walima, har aka umarci Abdurrahman ɗan Aufu ya yi ta ko da tunkiya guda ce. Wanda ya ci ado ya fito, ya san za a gan shi. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ita ce ta sa hoton ango da abokansa bayan an shafa fatiha ba ya bukatar dogon neman izini. Amma yardar mutum tana da iyaka gwargwadon wurin da ya bayar da ita. Gwaggon amarya da ta taka rawa a wurin kamu, mayafi ya zame, ta yi ne a gaban 'yan'uwanta mata, na ɗan lokaci, da sanin cewa gobe an manta. Ba ta yarda surukinta ya gani a WhatsApp ba, balle baƙo a TikTok. Abu Dawud ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa in mutum ya faɗi magana sannan ya waiga don ganin ko wani na ji, maganar ta zama amana. Matar da ta hango kyamara ta ja gyale ta yi irin wannan waigen.

A nan ne ladabi da gwaninta suke haɗuwa, domin mafi yawan abin da ke gyara hoton fili kulawa ce da mutumin da ke gaban kyamara. Ranar tsaka tana dukan mutum daga sama, ta bar duhu a kwarmin ido da ƙarƙashin hula, ta sa shi runtse ido. Gwani yakan ja mutane zuwa bakin inuwar darbejiya ko jikin katanga, inda haske ke shigowa a tausashe, ko ya jira bayan la'asar lokacin da rana ta karkata. Rumfa mai launin ja ko shuɗi tana shafa wa fuska launinta, don haka gefen rumfa ya fi tsakiyarta. Hazon hunturu, wanda kowa ke kuka da shi, yana tace rana ya ba da haske mai laushi. Farar babbar riga kan ruɗi na'ura ta rage haske har fuskar mai ita ta dushe. Maganinsa shi ne a taɓa fuskar a allon waya don na'urar ta auna haske daga nan, ko a kunna filashi ko da rana ce don ya cike inuwar. Yaro kuma a durƙusa a ɗauke shi daidai tsayin idonsa.

Batun farar riga da baƙar fata yana da tarihi. Shekaru da dama kamfanin Kodak yana raba wa masu wanke hoto katin gwajin launi mai ɗauke da hoton farar mace, da ita ake daidaita injin, sai a shekarun 1990 aka fitar da mai mata masu launin fata daban-daban. A 2021 kamfanin Google ya sanar da gyaran da ya yi wa kyamarar wayarsa ta Pixel 6 don ta riƙa fitar da baƙar fata yadda take. Mai hoton da ya tsaya ya auna haske a kan fuskar dattijo, maimakon ya bar wa na'ura, yana ba shi haƙƙinsa na ya fito da kamanninsa.

Sauran gardamar ita ce ta hoton bazata. Masu bin tafarkin Bafaranshen mai hoton nan Henri Cartier-Bresson suna ganin gaskiyar mutum tana fitowa ne a ƙiftawar da bai shirya ba, kuma duk wanda ya kwatanta dariyar gaske da murmushin "kowa ya kalli nan" ya san suna da hujja. Sai dai bazata ba ta bukatar sata. Mai hoton da ya iso da wuri, ya gaida manya, ya ce "Hajiya, in ɗauka?" ko "Baba, a ɗan juyo nan," ya bar wadda ta girgiza kai, bayan ɗan lokaci mutane kan saba da shi su koma hirarsu. Daga nan yake samun rungumar ƙawaye da hawayen uwar amarya, a wurin mutanen da suka san yana nan. Loma a baki, hamma, gyaran ɗaurin zani, rigimar rabon abinci, waɗannan yakan sauke kyamara ya bar su su wuce. Suratul Hujurat ta hana izgili da bin diddigin aibin mutane, Muslim kuma ya ruwaito alkawarin suturar Allah ga wanda ya suturta ɗan'uwansa.

Nauyi mafi girma yana zuwa ne bayan an watse. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Nijeriya ya kare sirrin 'yan ƙasa, a 2023 kuma aka sanya hannu a dokar kare bayanan mutane, amma da wuya a ga wanda zai kai ɗan ƙanwarsa ƙara a kan hoton biki. Abin da ya rage shi ne tsarin da iyali za su yi wa kansu. Hotuna su fara zuwa hannun masu biki su tace kafin su shiga zauren WhatsApp na dangi. Wadda ta ce "goge wannan" a goge a gabanta ba tare da gardama ba. Hoton yara a tambayi iyayensu. Mai hoton da ke son sanya aikinsa a Instagram don tallar sana'a yakan nemi yardar ango da amarya, to amma a bayansu akwai ƙawaye cikin anko da innar da ke gyara wa amarya lulluɓi, kuma izinin ango bai rufe su ba. Ko dai ya neme su ɗaya bayan ɗaya, ko ya yanke hoton ya bar mutum biyun da suka amince.