Hasken da Ido ba ya Gani da Tambayar Gaibu

Idon ɗan Adam ba ya karɓar dukkan hasken da rana ke zubowa, sai wani ɗan yanki nasa wanda tsawon zangonsa ya kama daga kusan nanomita 400 zuwa 700, nanomita kuwa kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita. Haske yana tafiya ne igiya-igiya, kuma kamar yadda akwatin rediyo ba ya kamo tasha sai wadda zangonta ya dace da inda aka murɗa shi, haka ido yake kama daga shuɗi mai duhu zuwa ja, ya tsaya. A shekarar 1800, masanin taurari William Herschel ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku a Ingila, ya raba shi launi-launi, ya sa ma'aunin zafi a kan kowane launi, sai ya tarar ma'aunin ya fi tashi a gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai. Wannan shi ne hasken bayan ja, wanda masana ke kira infirared.

Mai son ɗaukar hoto da wannan haske ba ya buƙatar kaya masu yawa. Abin da zai fara nema shi ne filta, wato gilashin tace haske da ake ɗaurawa a bakin kyamara, kuma wadda ta fi shahara wajen masu koyo ita ce Hoya R72, mai toshe kusan duk hasken da zangonsa bai kai nanomita 720 ba. In aka riƙe ta a hannu baƙa ce wuluk, sai an ɗaga ta wajen fitila mai ƙarfi ake hango wani ja-ja can ciki. Faifan da ke karɓar haske a cikin kyamarar zamani yana iya jin zango har wajen nanomita 1100, amma masu ƙera ta kan sa masa wani gilashi mai kore hasken bayan ja domin kada launukan hoto su gurɓace, saboda haka abin da ke tsallake shingayen biyu kaɗan ne ƙwarai. Shi ya sa dole a kafa kyamarar a kan mazauni mai ƙafa uku, a tsara hoton a daidaita shi kafin a ɗaura filtar, sannan a bar ƙofar haske a buɗe tsawon daƙiƙoƙi ko da rana tsaka ce. Har ma wurin da wannan haske ke haɗuwa a bayan gilashin kyamara ya ɗan goce daga na hasken da aka saba, abin da ya sa tsofaffin gilasai da yawa ke ɗauke da ɗigon ja na gyara saiti.

Abin da ke fitowa yana girgiza wanda bai taɓa gani ba. Bishiyar darbejiya mai duhun ganye takan fito fara fat, sararin sama ya yi duhu, ruwan tafki ya koma baƙi, gajimare kuma ya tsaya da haskensa. Dalili shi ne sinadarin da ke sa ganye kore ba ya shanye hasken bayan ja, sai ya wuce ciki, ƙwayoyin cikin ganyen su watso shi waje da yawa, iskar sama kuwa ba ta warwatsa dogon zango kamar yadda take warwatsa shuɗi. Masanin kimiyya ɗan Amurka Robert Wood ne ya wallafa irin waɗannan hotuna a 1910, kuma har yau da sunansa ake kiran farin ganyen. Ya kamata a lura cewa wannan ba hoton zafin jiki ba ne, domin na'urar da ke nuna ɗumin mutum a cikin duhu tana aiki ne da zango mai tsawo nesa ba kusa ba.

A nan tambayar falsafa take tasowa: wace bishiya ce ta gaskiya, koriyar ko farar? Ibn al-Haisam, wanda ya rubuta Kitabul Manazir a ƙarni na 11, ya kafa hujja cewa gani yana faruwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido, kuma hankali yana da nasa aiki wajen hukunta abin da ya shigo. Imam al-Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin inuwa da ido ke gani a tsaye alhali tana tafiya, da tauraro da ake gani ƙarami alhali lissafi ya nuna girmansa, domin ya nuna cewa shaidar ido tana buƙatar alƙali a samanta. Hoton bayan ja yana ƙarfafa wannan matsayi ta wata fuska dabam, domin a nan ido bai yi kuskure ba: ganyen kore ne a ma'aunin da aka ba ido, kuma mai haske ne a wani ma'aunin, duka biyun kuwa sifofi ne na halitta guda. Sai dai farin da ke kan takarda ba shi ne launin hasken bayan ja ba, domin wannan haske ba shi da launi a wurin mutum ko kaɗan. Na'ura ce ta auna yawansa ta mayar da shi abin da ido zai iya karɓa. Fim ɗin Aerochrome na kamfanin Kodak, wanda asalinsa aikin soja ne na gano kayan yaƙin da aka ɓoye cikin ciyayi, ja yake mayar da ganye, kuma da shi Richard Mosse ɗan ƙasar Ayalan ya ɗauki tsaunukan gabashin Kongo suka fito ruwan hoda. Mutum bai ga hasken ba har yanzu, sawunsa ya gani.

Wannan bambanci yana da nauyi ga mai addini, domin farkon Suratul Baƙara ya sanya imani da gaibu cikin sifofin masu taƙawa, kuma malamai sun raba gaibu gida biyu. Akwai wanda ya ɓoyu ga wani ya bayyana ga wani, ko ya ɓoyu a wani zamani ya bayyana a wani, akwai kuma wanda babu hanyar saninsa sai ta wahayi, kamar lokacin tashin alƙiyama da haƙiƙanin ruhi. Hasken bayan ja na gida na farko ne: yana sauka a kan fatar mutane tun fil azal, kuma ɓoyuwarsa ta gajartar kayan aiki ce. Saboda haka ya isa ya rushe da'awar mai cewa abin da ido bai gani ba babu shi. Amma wanda ya ɗauki irin wannan hoto ya ga wani tabo a cikinsa ya ce ya kama aljani ko ya hango mala'ika ya yi wa addini ɓarna mafi girma, domin ya saukar da abin imani zuwa abin aunawa, kuma ranar da masani ya bayyana cewa tabon da ya gani hasken da ya yi ta kai-komo ne a cikin gilashin kyamara, wanda sanannen aibi ne a wannan sana'a, imanin da aka jingina da tabon zai faɗi tare da shi. Duk abin da filta ta bari ya wuce yana da zango da za a iya rubutawa da lamba, nassi kuwa bai ba gaibu na biyu wani zango ba, don haka tsawaita ma'aunin daga nanomita 700 zuwa 1100, ko zuwa abin da ya ninka haka sau dubu, faɗaɗa sanin duniyar shahada ne kawai, wato duniyar bayyane.